Sabon gilashin gaban 504 ya tsage tun ba a hau titi ba: wa zan kama?

Ɗan Kakuri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Akwai Peugeot 504 salun ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, ta 1984. Ta daɗe a kafe cikin gida, bana muka haɗa kuɗi da 'yan uwa muka ce a tashe ta. An yi inji, an yi bodi, an yi fenti. Gilashin baya da na ƙofofi nata ne na asali, lafiyarsu ƙalau. Na gaban ne ya yi hazo, waifa ta ƙarje shi, sai na sayo sabo. Ranar Laraba aka saka, Juma'a da safe na tarar da tsaga ta taso daga kusurwar ƙasa ta gefen direba, ta doshi tsakiya. Motar ko ƙofar gida ba ta fita ba. Mai shago ya ce kayansa ba su da laifi, wanda ya saka ya ce gilashin ne marar kyau. Kafin in sake zuba kuɗi, wa zan kama?

Direban Tasha: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Gilashin ne, kada ka wahalar da kanka. Shekara da shekaru ina jan 504 wagon tsakanin Kano da Jos, gilashin da ta zo da shi da shi na sayar da ita. Ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ka nemi na tsohuwar mota da aka yanka, mai tambarin kamfani a kusurwa. Na zamanin nan ba su da ƙarko.

Baba Mai Gilas: Amin. Ɗana, kafin a yanke wa kowa hukunci amsa min waɗannan. Ka bi tsagar da farce, ka ji wani ɗan rami irin na bugun tsakuwa? Daga ƙarƙashin roba ta fito, ko daga fili? Robar sabuwa ce ko tsohuwar aka mayar? An yi walda a bakin ƙarfen da gilashin ke zama? Sannan da me ya ja leɓen robar, da igiya ko da sukundireba?

Ɗan Kakuri: Baba, babu rami, sumul take. Daga ƙarƙashin roba ta fito. Tsohuwar robar aka mayar, ya ce ta fi sababbin kyau. An yi walda a kusurwoyin ƙasa duka biyu saboda tsatsa ta cinye wurin. Da igiya ya fara, da ya zo kusurwar sai ta ƙi hawa, ya sa sukundireba yana ɓanɓara, yaronsa yana bubbugawa da tafin hannu daga waje.

Baba Mai Gilas: To ka ba da amsar da bakinka. Tsagar da dutse ya jawo tana da uwa, za ka ga inda ta faro. Wadda ta fito daga ƙarƙashin roba ba tare da rami ba, matsi ne ya haife ta. Wani abu yana tokare gefen gilashin a wannan kusurwa. Ko dai waldar ta bar tudu, ko ƙarfen ya ɗan shigo ciki har ramin ya ƙanƙance, ko kuma bakin sukundireban ya ɓalli gefen gilashin ɗan mitsitsi, wanda ido ba ya gani. Da rana ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe, da asuba ya yi sanyi ya tsuke, gilashin da aka danna da ƙarfi yana tsakiya. Kwana biyu sun ishe shi.

A irin waɗannan motoci gilashi ba ya taɓa ƙarfe sam. A cikin roba yake zaune, robar ce ta riƙe leɓen ƙarfen. Robar da ta sha ranar Kaduna shekara arba'in ta riga ta ƙandare, ba ta da sauran laushin da za ta shanye komai. Duk wani tudu da ke jikin ƙarfe kai tsaye take miƙa wa gilashi.

Fanabita Zariya: Baba, ranka ya daɗe, kullum mu 'yan bodi ake ɗora wa. Ba na kare wanda ya yi aikin, ban ga aikinsa ba. Amma gindin gilashin 504 idan tsatsa ta ci shi, sai ka yanke ka lanƙwasa sabon ƙarfe da hannu, babu wanda zai kawo maka shi a shirye. Mai mota kuma ba ya kawo gilashi sai bayan fenti. Da me za mu auna? Ni a garejina ba na taɓa wurin sai an kawo gilashin da za a saka da robarsa, in ɗora, in cire, in gyara, in sake ɗorawa, sannan a kai ɗakin fenti. Masu mota da yawa gani suke ɓata musu lokaci nake yi.

Baba Mai Gilas: Ai kai ka san aikin ke nan. Abin da na fi gani shi ne a cike kusurwar da fila a shafe, ta yi kyau a ido, amma leɓen ƙarfen ya yi kaurin da ramin roba ba zai iya haɗiye shi ba.

Injiniya Jos: Bari in sa baki kan shawarar Malam Direba, don akwai haɗari a ciki. Gilashin mota iri biyu ne. Akwai gasasshe: ana kai shi zafin da ya haura digiri 600, sai a huce shi da iska nan take, fatarsa ta matse. Yana da ƙarfi, amma ranar da ya fashe gaba ɗayansa yake zubewa kamar tsakin masara. Shi ne a ƙofofi da baya. Akwai kuma mai ruɓi: falle biyu na gilashi, kowanne kimanin milimita 2, da wata leda mai suna PVB a tsakani, kaurinta milimita 0.76. Shi idan dutse ya same shi tsagewa yake yi ya tsaya a wurinsa. Wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar dabarar tun 1909.

Motocin Turai da yawa na shekarun 1960 da 1970 da gasasshen gilashi suka fito a gaba. Idan ka je ka tsinto tsoho ba ka duba ba, kana iya ɗauko irinsa. Kana tafiya kilomita 100 a awa, tirela ta watso tsakuwa, gabanka duka ya koma fari fat, ba ka ganin komai. Wanda ya tsage wa Ɗan Kakuri mai ruɓi ne, da gasasshe ne da tarin ɓarɓashi zai tarar a kan dashbod.

Direban Tasha: Injiniya, wannan kam gaskiya ne, ya taɓa samuna bayan Saminaka a wata motar daban. Naɗe hannu na yi da tawul na huda rami na ga hanya, muka ƙarasa fasinja na tsintar gilashi a cinya. Amma ka ga shi ba ya tsagewa don an bubbuga shi wajen sakawa.

Baba Mai Gilas: Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin waɗanda suka koyi aikin a kan gasasshen gilashi sun saba da mari. Ka mare shi ya shiga, ba abin da zai same shi. Suka koya wa yaransu haka, yaran suka zo suna marin mai ruɓi. Shi kuwa kowane falle siriri ne, ba gasasshe ba, danna shi ake yi da tafi a shimfiɗe, a hankali, a daidai inda igiya take fita.

Yaron Gareji: Injiniya, yallaɓai, ta yaya mutum zai gane wanne ne a kasuwa? Su masu shago komai ka tambaya sai su ce orijina ne.

Injiniya Jos: Duba tambarin da ke kusurwa. Idan ka ga an rubuta Laminated ko Feuilleté, mai ruɓi ne. Tempered, Toughened ko Trempé, gasasshe ne. Akwai da'ira mai harafin E da lamba a ciki, lambar tana nuna ƙasar da ta ba da shaidar inganci, ba ƙasar da aka ƙera ba: E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, E11 Birtaniya. Kusa da ita za ka ga 43R, wato ƙa'idar gilashin mota. Sanda biyu a kusa da da'irar alamar gilashin gaba mai ruɓi ce. A tsarin Amurka kuma AS1 ake sa wa na gaba, AS2 na gefe da baya. Idan tambarin ya goge, kalli gefen gilashin: mai ruɓi za ka ga layin ledar a tsakiya ƙarara.

Alhaji Mai Marsandi: Ni ina tare da Direba ta wani ɓangaren. Wanda ya ce zai dawo da motar mahaifinsa yadda take, ai ba motar haya yake haɗawa ba. Gilashi mai tambarin zamaninta yana cikin darajarta. Masu sayen irin waɗannan motoci har kusurwar gilashi suke leƙawa su ga ko duka tambari ɗaya ne. A samu tsoho mai ruɓi mai lafiya, shi ke nan an haɗa biyun. Motar da Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983 amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000, ai kayanta ba za su gagara a ƙasar nan ba. Tsakanin Panteka da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a samu.

Injiniya Jos: Alhaji, ranka ya daɗe, samun ba shi ne wuya ba, samun mai lafiya ne. Tsohon mai ruɓi ledar tana saki daga gefe, ka ga fari-fari ko ƙananan kumfa suna shigowa ciki, kuma ba ya gyaruwa. Ga shi duk gilashin da ya yi shekaru a hanyoyinmu ƙura da yashi sun tsattsaga fuskarsa. Da rana ba ka lura, da dare fitilar mai zuwa ta doke shi sai hasken ya watse maka a ido. Na baya da na ƙofofi a bar na asali, na yarda ɗari bisa ɗari. Na gaba kuwa ido ne.

Alhaji Mai Marsandi: Ba a goge shi? Na ji ana yi da wata hoda.

Injiniya Jos: Ana yi, cerium oxide sunanta. Tana ɗauke tabon ruwa da sawun waifa marar zurfi. Amma duk ƙarjin da farcenka ya maƙale a ciki, kafin ka kai gindinsa ka rarake wurin, sai ka riƙa ganin hanya tana lanƙwashewa a daidai nan.

Alhaji Mai Marsandi: To ni dai tawa ba ta fita da dare, daga masallacin Juma'a sai ɗaurin aure. Na asalinta zan bari.

Na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Maganar yashi da Injiniya ya yi, ku zo nan ku gani. Motar da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas, gilashinta na gaba ba ya daɗewa bai dushe ba. Mu nan tsofaffin Land Rover sun fi sauƙi, gilashinsu na gaba falle biyu ne shimfiɗaɗɗu, babu lanƙwasa. Ka zana a kwali, ka kai wa mai yanka, ya fitar maka daga babban falle mai ruɓi. Ya ja layi a sama, ya juya ya ja a ƙasa daidai kan na farko, ya karya, ya ɗumama ledar ta yi laushi, ya sa reza ya raba. Sai ya goge bakin da dutse. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne masu yanko gilashin tagar gida su sa a ƙofar mota don ya fi araha. Na ga hannun da irin wannan ya yanka, ba kyan gani.

Baba Mai Gilas: Allah ya yi maka albarka. Gilashin gida ba ya shiga mota ko da a ƙaramar tagar baya ce. Kuma gasasshe ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Duk wanda ya ce zai rage maka gilashin ƙofar wagon ya shiga salun, karɓe kayanka ka tafi. Wagon ta fi salun tsawo, gilasanta na baya daban suke.

Hajiya Mai Kunkuru: Sannunku da ƙoƙari. Ni Beetle gare ni, haɗin Legas. Abin da ban ji an ambata ba shi ne silbar da ke zagaye robar. A tawa sai an sa roba a jikin gilashi, an cusa silbar a raminta, sannan a kai jikin mota. Idan gilashi ya riga ya zauna ramin ya matse, ba ta shiga sai an lanƙwasa ta, kuma idan ta lanƙwashe ba ta komawa. Sannan yadin rufin ciki, bakinsa a ƙarƙashin robar yake kwanciya. Wanda zai sake rufi ya yi kafin gilashi, in ba haka ba sai an sake cirewa.

Alhaji Mai Marsandi: Haka take a Marsandi W123, Hajiya. Silba tukuna.

Baba Mai Gilas: Hajiya, ranki ya daɗe, kin riga ni. Sai dai a bambance: akwai silbar ado, ita ce ake sawa kafin a ɗora. Akwai kuma robar da ke da makulli, irin ta tsohuwar Mini da wasu manyan motoci, ita robar ake fara sawa a jikin mota, gilashi ya shiga, sannan a bi da siririn makullin da ɗan ƙarfensa na musamman. Mutum ya duba irin wadda ke hannunsa.

Ɗana, ga yadda za a yi naka, ka tsaya a kai da kanka. A cire wanda ya tsage, a yanka tsohuwar robar da wuƙa, kada a yi ta fama da ita. A kankare leɓen ƙarfen duka zagaye, a bi shi da yatsa. Duk inda ya yi tudu a goge, duk inda ya karkace a daidaita, a sa firaima da fenti a bari ya bushe sosai. Kada a jefar da tsagaggen, da shi za a gwada: a ɗora shi a ramin babu roba, mutum biyu su riƙe, a ga ko tazarar da ke tsakaninsa da ƙarfe ɗaya ce ta kowane gefe.

Sabuwar roba a shanya ta a rana ta yi laushi. A kwantar da gilashi a kan bargo, a sa masa robar, a tabbata kusurwa ta faɗa a kusurwa. A samo igiyar nailan mai santsi, kaurinta kamar milimita 4 ko 5, a cusa ta cikin ramin da zai kama ƙarfe, ta zagaye duka, bakunan biyu su haɗu su gifta juna a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu. A ɗora daga waje, bakunan igiya suna ciki a kan dashbod, a daidaita tsakiya tun kafin a ja komai, don idan ya fara shiga ba ya matsawa. Na ciki ya ja igiya zuwa tsakiyar gilashi, ba zuwa ƙirjinsa ba, kaɗan ta dama, kaɗan ta hagu. A kusurwa ya riƙa juya hannu yana zagayawa a hankali, nan ne leɓe ke yagewa. Idan ta cije, a tsaya. A fitar a sake sa igiya, bai kai minti goma ba. Ƙarfe kada ya kusanci wurin, in ya zama dole a sa ɗan katako ko roba mai tauri.

Yaron Gareji: Baba, mu a wurinmu baƙin mai muke shafawa, ko man birki, ya fi santsi.

Baba Mai Gilas: Ku daina. Baƙin mai da giris suna kumbura roba su lalata ta, man birki kuma yana cin fenti, ga mota sabon fenti. Sabulu ya bushe ya tafi abinsa.

Fanabita Zariya: A ƙara da silikon. Wanda ake sa wa tagar alminiyam, mai warin tsami, shi ne babban abokin tsatsa. Duk 504 da aka kawo min gindin gilashinta ya ruɓe, sai na tarar an ɗura shi a wurin. Kuma fenti ba ya kama inda ya taɓa.

Direban Tasha: To in ba a sa ba ai damina ta zo ruwa har kan takalmi.

Baba Mai Gilas: Sabuwar roba a kan ƙarfe madaidaici sau da yawa ba ta neman komai. A zuba ruwa da bokiti daga sama, mutum yana ciki yana kallo. Inda ya ɗiga, a ɗaga leɓen a sa baƙin gam na gilashin mota wanda ba ya ƙandarewa. Ba irin wanda ake manna gilashin motocin yanzu da shi ba, shi idan ya kama sai an yanka da waya.

Ɗan Kakuri: Jama'a, mun cire yau da yamma. Ga hoto nan. A kusurwar akwai ƙullin walda da ba a goge ba, an rufe shi da fila, ya huda tsohuwar robar har ya bar sawu. A gefen gilashin kuma, daidai inda tsagar ta faro, akwai ɗan ɓalli. Da muka ɗora babu roba, gefen direba ya kusa taɓa ƙarfe, ɗaya gefen yatsa na shiga.

Fanabita Zariya: To wannan ba goge ƙulli kaɗai ba ne, kusurwar ta shigo ciki. Sai an ɗan buga ta baya, fentin wurin zai tashi, ka shirya wa hakan. Ka sa a duba ɗaya kusurwar ma tunda hannu ɗaya ya yi su.

Direban Tasha: Na janye rabi. Amma har yanzu ina cewa wasu sababbin lanƙwasarsu ba ta zama daidai.

Injiniya Jos: Wannan rabin naka ne, Malam Direba, akwai su. Shi ya sa za a gwada sabon ma a ramin kafin a sa masa roba, kuma a yi sharaɗi da mai shago cewa in bai zauna ba za a dawo da shi. A ɗauko shi a tsaye, kada a kwantar da shi a bayan a-kori-kura.

Alhaji Mai Marsandi: Tsohon na asalin da ya yi hazo, yana nan? Kada ka yar. Naɗe shi a bargo ka jingine a ɗaki, in wata rana za a sayar da motar a haɗa da shi.

Ɗan Kakuri: Yana nan, Alhaji, amma motar ba ta sayarwa ba ce. Baba, tunda ana ciki: gilashin ƙofar direba yana hawa a karkace, sai na tallafe shi da hannu, kuma yana ƙara idan an rufe ƙofa. Shi ma cirewa za a yi?

Baba Mai Gilas: Cire murfin ƙofar ka leƙa tukuna. Gilashin yana zaune ne a cikin wata kwatar ƙarfe a gindinsa, da roba a tsakani. Ruwa yana kwanciya a nan, ta yi tsatsa ta buɗe, gilashi ya saki ta gefe ɗaya. Ƙarar kuma ta gashin da ke cikin hanyar gilashin ce, ya cinye, sai a sake shi. Injin wayin a wanke shi a sa masa giris, shi kam yana so. Ka tsokane ramukan da ke ƙasan ƙofar da waya, mai fenti yakan toshe su, kuma ka mayar da ledar da ke bayan murfin in an cire ta.

Hajiya Mai Kunkuru: Baba, gashin nan a ina ake samun mai kyau? Wanda na sa bara har ya fara zubewa.

Baba Mai Gilas: Ki yanko ɗan guntun tsohon ki tafi da shi, Hajiya, faɗinsu ba ɗaya ba ne. Ki lanƙwasa sabon a hannu kafin ki biya, ki murza gashin da babban yatsa. In ya biyo yatsan, ki ajiye musu.